Randata da Ƙofar Gwamnati

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Ke mai jan mayafi, na ji abin da kika raɗa wa ƙawarki da kuka shigo, kunnena bai mutu ba. Kin ce ashe wasan laka aka turo ku koya. Ban ji haushi ba, na saba. Amma kafin in bar ku ku taɓa mini yumɓu, sai kun ji yadda wasan lakan nan ya tsayar da ma'aikatan gwamnati cirko-cirko a rana, har da injiniyansu.

Sunana Rabi, amma daga nan Dayi har kasuwar Bakori, in ba ka ce Inna Maginiya ba, babu mai nuna maka gidana. A hannun ƙanwar babana na koya, Gwaggo Tabawa, Allah Ya jiƙanta. Aikin farko da ta ba ni ba gini ba ne, daka ne. Tsingaro, wato fasassun tukwane, shi za ki zuba a turmi ki daka ya zama gari, ki tankaɗe, a cuɗa da yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Na ci damina na ci rani ina wannan daka, tafin hannuna duk kanta. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa taka ƙasa. A jiƙa yumɓu ya kwana, ki tattare zane ki shiga da ƙafa ki yi ta kirɓa, kina laluben tsakuwa da yatsun ƙafarki. Guda ɗaya in ta tsere miki, ita za ta fasa randa a matoya, wurin da muke gasa tukwane. Gwaggo takan zura yatsa a ƙasar da na gama takawa, ta zaƙulo tsakuwa, ta miƙo mini ta ce, "Ungo, kai wa uwarki tsaraba." Ba ta duka, amma da wannan maganar gara dukan.

Kayan aiki kuwa ga su nan gabanku, mai son dariya ta yi. Ɗan katakon duka, dutsen da ake tarewa da shi daga ciki, tsumma, sakainar kankara, totuwar masara ta yin zane, sai 'ya'yan kuka da aka jera a zare, na goge jikin tukunya har ya ɗau sheƙi. Babu wanda aka sayo a kanti. Ƙaramin abu irin kaskon turare ko asusu, a zaune za ki gama shi. Babbar randa kuwa ba ta juyawa, ke ce za ki yi ta zagaya ta da baya-baya a duƙe, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, kina ɗora yumɓu kina jan shi sama. Ranar farko da na yi haka jiri ya kwashe ni, na faɗa kan aikin Gwaggo na lotsa shi. Ta dube ni ta ce to, yanzu na san dalilin da ya sa ba a cin tuwo a ƙoshi kafin gini.

Masu saye ma kowa da halinsa. Mai waina za ta zo neman tanda, ta kushe kowane gurbi, wannan ya yi zurfi wancan ya yi faɗi, ƙarshe ta ɗauki wadda ta fara kushewa. Uwar amarya ba ruwanta da kauri, zane take dubawa. Akwai wani tsoho daga Danja da yake zuwa duk bazara, shi ba ya ƙwanƙwasa randa kamar kowa. Zura kai yake yi ciki ya yi sallama. In ta amsa masa da amo ya ɗauka, in ta yi shiru ya ce wannan ba ta da tarbiyya, ya yi gaba.

Haka muka yi ta tafiya har shekarar da daji ya ƙi shiguwa, 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu. Fadamar da muke haƙar yumɓu tana can nesa da gari, masu jakunan da ke ɗebo mana suka ce su kam ba da su ba. Ba a yi noman kirki ba, don haka karan dawa da muke gashi da shi ya yi wuya. Biki ya ragu, wanda aka yi ma robar ruwa da kula ake kai wa amarya. Unguwarmu da take turnuƙewa da hayaƙin matoya duk jajibirin kasuwa, sai ta yi tsit. Wannan maginiya ta koma suyar awara, waccan ta koma ɗinkin hula. Muka rage daga ni sai Talatu, sa'ata, wadda muka yi dakan tsingaro tare tun muna 'yan mata. Wallahi a shekarar nan na ji tsoro. Ba yunwa ta fi damuna ba, don ba a rasa ɗan abin sawa a baki. Tsoron da nake ji shi ne a ce sana'ar Gwaggo a hannuna ta mutu.

Ana cikin haka wata safiya sai ga sallamar namiji a ƙofar gida. Na leƙa na ga mutum a kan babur, ya saɓo karan dawa guda ɗaya a kafaɗa. Malam Sabo ne, ma'aikaci a ofishin da ke kula da al'adu, uwarsa tsohuwar mai sayen kayan Gwaggo ce.

Na ce, "Malam Sabo, lafiya? Awaki ka zo kora da karan nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, aiki na kawo miki, amma da rigima a cikinsa."

Ya zauna a kan turmi ya warware mini. Ana gina wani sabon ofishin gwamnati a cikin gari, kuma ana son a girke babbar randa irin ta da a tsakiyar ɗakin karɓar baƙi, don duk wanda ya shigo ya ga aikin hannun mutanen ƙasar. To ashe ɗan kwangilar ginin har ya riga ya sayo wata ta roba daga Kaduna, an yi mata fenti kalar ƙasa. Ya faɗa a gaban manya cewa magina sun ƙare, babu sauran mai iya gina randa mai wannan girma a duk yankin. Malam Sabo ya ce akwai. Aka ce to ya kawo.

Ya ce, "Sharaɗin ɗaya ne, Inna. In taki ta shiga ɗakin kafin ranar buɗewa, ita za a ajiye. In ba ta shiga ba, ta robar tana sito tana jira. Kuma a ranar nan duk wani mai faɗa a ji zai zo ya gani."

Na ce, "Wato a girke roba a ce ita ce aikinmu? A garin da aka binne Gwaggo Tabawa?"

Sai ya miƙo mini karan ya ce faɗin ƙofar ɗakin ke nan, da hannunsa ya auna, da wuƙarsa ya yanke. Mu da ma da kara muke awo tun kaka da kakanni, ban ga abin tambaya ba. Na karɓa na soke shi a rufin rumfa inda akuya ba za ta kai ba.

Yumɓun randar nan da rana tsaka muka ɗebo shi, ni da Talatu da amalanke, 'yan sintiri biyu suna gadinmu, muna haƙa muna waige. Da muka dawo na taka shi da ƙafata, ban yarda wani ya taka mini ba. Abin da ba ku sani ba shi ne ƙasa tana komawa. Abin da kika gina ɗanye, in ya bushe zai tsuke, in ya sha wuta ya ƙara tsukewa. Saboda haka sai da na gina cikinta ya zarce karan da kusan faɗin tafin hannu, na bar wa inuwa da wuta rabonsu. Kuma ba a gina irin wannan a tashi ɗaya. Gindi tukuna, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ya yi ƙwari, sannan ciki, sannan kafaɗa. In kika yi gaggawa, nauyin sama ya zaunar da na ƙasa. Da na kai wuya sai da na hau kan turmi. Talatu tana miƙo mini yumɓu tana cewa, "Rabi, randa kike ginawa ko ɗakin da za ki tare?"

Gashin ya fi ginin ba mu wuya. Gida-gida muka bi muna roƙon busasshen kashin shanu, kara kuma sai daga wajen Danja aka samo mana. Muka fara ɗumama ta da ƙaramar wuta a ciki don sauran danshi ya fita, sannan muka lulluɓe ta muka cinna. Matan unguwa da suka bar sana'a duk suka fito suka tsaya daga nesa, kowa ta kasa kunne tana jiran ta ji ƙarar fashewa. Ba a ji ba. Da toka ta huce muka share, sai ga ta jawur, tsayinta har ƙirjina, cikinta kuwa ni da Talatu muka rungume ta da kyar yatsunmu suka haɗu. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta amsa har cikin haƙorina. Muka kafa taɓare biyu a tsaye, ɗaya dama ɗaya hagu, suna taɓa cikinta, na gitta karan Malam Sabo a kansu. Karan ya fi ta da yatsa biyu. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ranar jajibirin buɗewa Malam Sabo ya turo akori-kura. Muka shimfiɗa harawa, muka ɗora tsohuwar taya, muka zaunar da randar a kai, muka tottokare ta da buhunan buntu da tsohuwar katifa. Direba ya ce in shiga gaba, na ce Allah Ya kiyaye, inda randata take nan nake. Ni da Talatu muka hau baya muka riƙe ta. Kun dai san hanyarmu. Duk ramin da ya faɗa sai na buga rufin motar na ce, "Kai, ɗan nan, masara ka ɗauko?" Masu babura suna wuce mu suna waiwaye, wani har ya tambaya ko rijiya za mu kai wa gwamnati.

Da hantsi muka isa. Gini fes, sai warin fenti, ana ta kafa rumfuna ana jera kujeru. Lebura huɗu suka sauke ta a kan buhu suka kinkima, ina gaba ina faɗa musu kada wanda ya kama bakinta. Muka hau baranda, muka zo ƙofar ɗakin. Suka tura, ta tsaya. Suka ja baya suka sake gwadawa, ta tsaya. Cikinta ya tokare ƙarfen ƙofa dama da hagu.

Na ce a dakata. Na zaro karan daga mota na gitta shi a ƙofar. Karan ma kansa ya ƙi shiga.

Na ce, "Malam Sabo, wace ƙofar ka auna?"

Ya dubi karan, ya dubi ƙofar. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna, sa'ad da na auna, bulo ne tsirara. Ba a yi filasta ba, ba a sa ƙarfen ƙofa ba."

Kun ji fa. Karan bai yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba, ƙofar ce ta tsuke bayan ya tafi. Na so in balbale shi da faɗa, amma sai na haɗiye. Mutumin nan shi kaɗai ya tsaya mana a gaban manya.

Kafin ka ce me, mutane sun taru. Ɗan kwangila ya iso da makullan mota a hannu, ya zagaya randar, ya ce kai, aiki ya yi kyau, sai dai kash. Ya juya ya ce wa yaransa su je sito su ɗauko ta robar, ita ko ta taga ma za ta shiga. Wani lebura kuma ya ce ai da sauƙi, a kawo injin gurza ƙarfe a ɗan rage mata ciki.

Na ce, "Kai, in injin nan ya taɓa randata, cikinka za mu fara ragewa."

Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta jawo injiniyan ginin, wani Bayarabe haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa tas. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce, "Inna, bango kam ba zan fasa ba, gobe baƙi za su zo. Ƙarfen gefe ma a cikin siminti yake. Amma zan iya cire murfin ƙofar, mu ga abin da za mu samu." Ya sa aka cire. Ya zaro tef ɗinsa ya auna ƙofa, ya kafa katako biyu a gefen randar ya auna tsakaninsu, ya girgiza kai. Har yanzu ta fi ƙofar da kamar yatsa ɗaya.

Ga ta robar can an ɗauko, mutum ɗaya ne ma ya ɗora ta a ka yana tafe yana fito. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dafa randata, na fara zagaya ta da baya-baya ina shafa cikinta kamar yadda na yi sa'ad da nake gina ta, ba don na san abin da nake nema ba. Ina cikin zagayen sai tafin hannuna ya ji abin da ido bai gani. Hannun dama ya fi na hagu ƙarfi, don haka duk randar da mutum ya gina da hannu tana da kumatu, wani gefe ya ɗan fi wani cika. Gwaggo ta sha yi mini faɗa a kan haka, ta ce randunana kamar mai ciwon haƙori.

Na ce, "Injiniya, gefe ɗaya ka auna. Mu juya ta, ka yi ta aunawa."

Ya gane nan take. Leburori suna juya ta kaɗan-kaɗan a kan buhu, shi yana matsa katako yana duba tef, yana cewa a'a, a ƙara, a'a, a ƙara. Can sai ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ya sake aunawa, ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Inna, ta nan daidai take da ƙofar, cif. Amma babu sararin ko takarda. In ta cije a tsakiya, ba gaba ba baya, sai dai a fasa ta a fitar. Kin yarda?"

Nan ne fa kowa ya zuba mini ido. In na ce a'a, in koma da randata gida lafiya lau, roba ta zauna a gurbinta. In na ce e, wataƙila a share mini aikina da tsintsiya a gaban jama'a. Na hango wata mai tuwo a bakin get tana kaɗa miya, na ce wa Talatu ta ruga ta tambaye ta ko tana da garin karkashi. Tana da shi. Muka kaɗa shi a bokiti da ruwa har ya yi yauƙi, na naɗe hannun riga na shafe cikin randar, na shafe ƙarfen ƙofa sama da ƙasa. Wani ma'aikaci mai ɗamarar wuya ya ce, "Yau ga ofishin gwamnati an yi masa miya." Na ce ya matsa kada ya zame.

Na shiga ɗakin na juyo, na tare kafaɗunta da hannu biyu. Na ce wa leburorin kada wanda ya yi ƙarfin kansa, da muryata za su tura. Na yi bisimilla na ce, "A hankali." Ta shigo har cikinta ya kai ƙarfen. Na ce, "Ƙara." Sai muka ji ƙiii, ƙarar ƙasa a jikin ƙarfe. Malam Sabo ya rufe ido. Ta tsaya, rabi ciki rabi waje. Na sa kunne a jikinta, na ɗan girgiza ta, na ji ba ta cije ba, hutawa take yi. Na ce, "Yanzu, gaba ɗaya!" Sai sulluɓ, ga ta a cikin ɗaki, har ta kusa ture ni.

Ban bari kowa ya yi magana ba sai da na ƙwanƙwasa ta. Ta amsa, amon ya cika ɗakin. Talatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ofishin gwamnati, Malam Sabo ya zauna daɓas a kan dakali yana ta hamdala. Ɗan kwangilar ma, in faɗi gaskiya, ya zo ya leƙa cikinta ya ce ya janye maganarsa. Muka wanke karkashin, na shafe 'yar gurzar da ta samu da jar ƙasa, na goge da 'ya'yan kuka har ni kaina na kasa gane wurin. Na ce a cika ta da ruwa a ɗora moɗa, don ni ban gina randar kallo ba.

Bayan buɗewar nan sai aike ya fara zuwa, daga otal-otal na Funtua, daga gidajen masu hali, har daga Zariya. Masu awara suka dawo suna tambaya ko akwai sauran wuri a matoya. Ku kanku ta dalilin randar nan aka san da ni har aka turo ku.

Bara waccan aka yi sabon shugaba a ofishin. Kun san halinsu, kowa ya zo sai ya sauya labule da kujeru. Ya ce randa ta tsufa, a fitar da ita a sa ƙaton talabijin a wurin. Leburori suka kwashe ruwan, suka cire murfin ƙofa, suka yini suna juya ta, ta ƙi fita. Injiniya an daɗe da mayar da shi wani gari. Suka je wa Malam Sabo, wanda ya riga ya yi ritaya, ya ce shi kara kawai ya sani, su nemi Inna. Sai ga mota har ƙofar gidan nan, wani mai babbar riga ya fito ya durƙusa, ya ce shugabansu yana gaisuwa, yana roƙon in zo in nuna musu yadda za a fitar da ita ba tare da an fasa bango ba.

Na ba shi ruwa ya sha, na tambaye shi iyali. Sannan na ce, "Ka gaishe mini da shi da kyau. Ka ce masa ni shigarwa aka koya mini."